Ranar da Maharazu Ya Zuba wa Teku Kanwa

Akwai wani mutum a Tasawa mai suna Maharazu, mataimakin shugaba a wani proje na gina rijiyoyi. Shekarar 1984 ce, zamanin mulkin soja, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Dattawan wannan shafi ba sai an tuna musu ba.

Maharazu ya yi karatu, ba mai musun wannan. Ya yi lakkwal har Yamai, ya ƙara wata tara a Faransa, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da wata taran nan ba. In ya ce "lokacin da muke can", ba Makka yake nufi ba. Bik uku ne na rubutu a aljihun rigarsa, ja da shuɗi da baƙi, ko da ta'aziyya za shi.

Shugaban projen wani Anasara ne, injiniya. Mutanen gari suna kiransa Mai Kifi.

A falonsa akwai akwatin gilashi mai tsawon gadon kwana, cike da ruwan gishiri. A ciki akwai ƴan kifaye kamar an tsoma su a marina, da wasu duwatsu masu rassa. Murjani ne, amma mai rai, tun kafin ya zama abin wuyan mata. Injin wuta yana ta aiki don kada ruwan ya yi zafi. Yadda aka kawo su da rai daga bakin teku har Tasawa, ba a taɓa rubuta shi a rahoton proje ba.

A garin da mata ke jera bokiti a bakin famfo tun da asuba, mutum ɗaya yana kiwon teku a ɗaki. A zamanin soja mutane sun ƙware wajen ganin abu su ci gaba da tafiya.

Shi murjani dabba ne, ko da yake ya yi kama da dutse. Yana gina ƙashinsa da wani sinadari da yake tsotsa daga ruwa, kalsiyum, wanda ke cikin ƙashinmu da ɓawon ƙwai. A teku ba ya ƙarewa. A akwati yana ƙarewa, sai an riƙa mayarwa kullum. In ya yi kaɗan, murjani ya daina girma. In aka zuba da yawa lokaci guda, ya mutu.

Mai wannan aikin wani dattijo ne, Mumuni, mutumin Kona. Sana'arsa shafen farar ƙasa. Da gonarsa ta ƙone sai ya shigo Tasawa, aka ɗauke shi gadin gidan Mai Kifi, ana ba shi jar dawar taimako yana aika wa iyali. Lokacin da garin maganin da Mai Kifi ya zo da shi daga Turai ya ƙare, sai ya koma ga farar ƙasa ta buhu, irin wadda take tafasa in ta ji ruwa. A nan ya gano mai gadinsa ya fi shi sanin halinta da shekara talatin.

Kullum da safe Mumuni zai zuba cokali ɗaya a tulun ruwa mai tsabta, ya motsa, ya rufe, ya bar ta ta kwanta har la'asar. Ruwan sama, wanda ya yi garau, shi kaɗai yake ɗiba. Lakar ƙasa ba ya taɓa ta. Ya juye a bido, wato jarka, ya rataye saman akwatin, ya sa robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, ruwan ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo. Ba shi da agogo, da tasbaha yake saita robar: istigfari ɗaya, ɗigo ɗaya.

Wata rana Mai Kifi ya kira mataimakansa biyu, Maharazu da Ladan. Shi Ladan ba a cika ganinsa a biro ba, wato ofis. Yana can Gidan Amumune da magina rijiya, in ya shigo gari har girarsa ƙasa ce.

Mai Kifi ya ce, "Zan tafi konje, hutun wata biyu. In na dawo zan aika Yamai da sunan wanda zai gaje ni, ɗaya daga cikinku."

Ya ba Ladan rijiyoyi. Ya ba Maharazu biro da motoci da mabuɗin gidansa. Ya ce, "Akwatin kuwa, ka bar wa Mumuni. Kai dai ka tabbata injin wuta bai tsaya ba."

Maharazu ya koma gida yana tafiya kamar an riga an naɗa shi. Ya ce wa matarsa Furera, "Mutum ba ya ba ka mabuɗin abin da ya fi so sai in kai ya zaɓa."

Furera tana tsince tsakuwa daga dawa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai, maigida, na ji kamar ka ce tsohon aka bar wa."

"Ke ba ki san yadda Turawa ke magana ba."

"Haka ne. Ni ban je can ba."

Shirinsa mai sauƙi ne. Ladan zai nuna rijiya, abin da kowa ya saba gani. Shi zai nuna murjanin da ya ninka girma cikin wata biyu. Ya san inda zuciyar Mai Kifi take, kuma a wannan kam bai yi kuskure ba.

A kan kantar falon ya sami littafin kiwon murjani da ƴan kwalaben awo. Ana ɗibar ruwa kaɗan, a riƙa ɗiga magani ana ƙirgawa har launin ya juya daga ja zuwa shuɗi. Littafi ya ce lambar da ake so ɗari huɗu da ashirin ce. Maharazu ya auna ya sami ɗari uku da tamanin.

Ya leƙa ta taga ya kira mai gadi da Faransanci. "Gardiye."

Mumuni ya girmi mahaifinsa, amma Maharazu bai taɓa ce mishi Baba ba. Dattijon ya cire takalmi ya shigo. "Na'am, Mushe," in ji shi, wato Malam da Faransanci.

"Ka san nawa ne kalsiyum ɗin ruwan nan?"

"Ban san lamba ba, Mushe. Amma lahiya lau shike. Dibi bakin rassan, fari tas, wanga sabon ƙashi ne. Dibi shunin da ke bin gilashi. In ya ji yunwa, shunin ke fara koɗewa."

"In ya ji yunwa." Maharazu ya maimaita a hankali, yana ɗanɗana jahilcin. "Arba'in ya rage. Quarante. Ka san arba'in dai?"

"Na sani, Mushe. Maigidan ma ya gani, ya ce a bar shi haka."

"Haƙuri yake yi da kai."

Ranar Maharazu ya sayi sabon kaye, littafin rubutu. A bangonsa ya rubuta da jan bik: Méthode Maharazu. Ya ƙuduri niyyar rubuta duk abin da ya yi, rana da awa, don kada gobe wani ya ce shi ya ƙirƙiro.

Ga yadda tunaninsa ya tafi, kuma a yi mishi adalci, tunani ne na wanda ya je aji. Littafi ya ce ƙashin murjani haɗin abu biyu ne, kalsiyum da karbonat. Farar ƙasa tana ba da kalsiyum. Saura karbonat. Sai ya tuna wani malaminsu na kimiyya ya taɓa cewa kanwa karbonat ce. Kanwar nan dai da ake sa wa wake, ake ba dabbobi su lasa. To me zai sa a tsaya ana ɗigo da istigfari? A zuba wa murjani duka biyun, ya ci ya ƙoshi.

Rabin darasin ya tuna. Sauran rabin, mai yiwuwa ranar ya fita fitsari.

Ya tambayi Furera kanwa. Ta ɗebo mishi cikin ƙwarya, ta ce, "Wake za ka dafa wa kifin?"

Ya karɓi ƙwaryar ya fita. Akwai tambayoyin da ba su kai a amsa ba.

Mumuni ya same shi a bayan gida ya zuba farar ƙasa gwangwani uku a tulu yana damawa da sanda, ga jiƙaƙƙiyar kanwa a bokiti.

"Mushe, lakar ba a taɓa ta. Ruwan sama ake ɗiba."

"Ƙarfin yana cikin lakar. Shekara biyu kana zubar da amfanin kana ba su ruwan wanki."

"Kanwar kuma ta mi ce?"

"Ba za ka gane ba."

"Mu masu shafe ba mu haɗa su, Mushe. In sun haɗu tsinkewa sukai, su koma gari."

Maharazu ya ajiye sandar. Ya ce, "Ni na zauna a gaban farfesoshi. Kai bango ka zauna a gabansa. Ajiye tocila da sandar gadi, ka tafi. Ba na son mai hana aiki."

Korar nan tana nufin dawar da ke zuwa Kona ta tsaya, kuma dukansu biyun sun sani. Mumuni ya jingine sandar, ya naɗe buzunsa.

"To, Mushe. Amma in za ka zuba, ka zuba kaɗan."

Maharazu ya zuba duka. Farar ƙasa ta dama, kanwa ta hagu.

Kafin ya ajiye bokitin, ruwan ya koma kamar nono. Farin gari ya riƙa sauka yana rufe rassan murjani. Abin da ya faru shi ne, kalsiyum da karbonat ɗin sun haɗu tun a ruwa sun zama alli, ba su jira murjani ba. Suka kuma janye har wanda ke cikin ruwan tun farko suka kwanta da shi ƙasa.

Ya auna. Ɗari biyu da hamsin.

Mai ƙaramin ilimi da a nan ya tsorata ya tsaya. Maharazu ya duba lambar, ya ga ta ragu, ya rubuta a kaye cewa maganin bai isa ba. Ya ƙara.

Washegari da hantsi ya buɗe ƙofar falon, wari ya tare shi. Kifaye sun juya ciki sama. Murjani yana saɓule nama kamar ƙunar ruwan zafi, ƙashi fari yana fitowa. Ya samu farin da yake nema, har ya yi yawa.

Littafi ya ce in ruwa ya lalace a canza shi. Gishirin teku akwai buhu-buhu a sito. Ruwa ne babu. Famfon gari awa biyu yake kawowa a yini, kuma mutum mai bik uku ba ya shiga layin mata.

Amma projen yana da motar ruwa. Duk bayan kwana biyu takan kai ruwa Cake, can cikin Mayahi, inda rijiyar gari ta ƙafe ana ƙara mata zurfi. Da motar nan mutanen ke sha. Maharazu ya tare direban, Cha'ibu, yana ƙoƙarin fita.

"Juya. Gidan shugaba za ka."

"Shef, Cake za ni. Tun jiya tonunansu na ruwa ba ko ɗigo."

"Cas d'urgence. Lamarin gaggawa ne."

"Inna lillahi. Wa ya mutu?"

"Ba ruwanka."

Cha'ibu ya kai motar. Ya leƙa ta tagar falo, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Shef, waɗannan ne? Ko a miya ba su isar mutum ɗaya."

"Ja tiyo."

"Zan ja. Amma ka ba ni a rubuce. Ni ina da ɗiya shida, kuma aski na soja bai dace da kaina ba."

Ba abin da Maharazu ke so kamar a ce ya rubuta. Ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Kwana uku motar tana tsaye a ƙofar gidan. Ya zubar, ya cika, ya sa gishiri. Da ruwan ya motsa sai allin da ke kwance a ƙasa ya sake tashi. Ya sake zubarwa. Ruwan da ake jira a Cake yana gangarawa ta rariya, awakin unguwa suna shinshinawa suna ja da baya saboda gishiri.

A rana ta uku Furera ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Ta sami Mumuni kan tsani yana shafe wa wani mai shago bango.

"Baba, ina wuni. Don Allah ka yi haƙuri ka zo."

"Shi ya aiko ki, ɗiyata?"

"Baba, ka san shi."

Mumuni ya ƙarasa layin da ya fara, ya wanke hannu, ya bi ta.

Da ya shiga falon, Maharazu ya sami wani abu mai muhimmanci a cikin kayensa da ke buƙatar karatu nan take. Mumuni ya yi sallama, ya duba akwatin. Ya ce, "Mushe, ka saki motar. Abin da ya rage da rai, bokiti shida ya ishe shi."

Ya ɗauko babban daro, ya haɗa ruwan gishiri yadda Mai Kifi ya koya mishi. Ya naɗe hannun riga ya riƙa lalube cikin farin ruwan. Ya fito da reshen murjani huɗu da ke da sauran nama, da kifi biyu da suka ɓuya a ramin dutse. Ya ɗauraye su a hankali, ya sa a daro. Daga nan ya fita ya wanke tulunsa, ya zuba cokali ɗaya, ya rufe.

An saki motar, amma an makara. Kwana huɗu matan Cake suna tafiya wata rijiya mai nisa, su fita da sassafe su dawo bayan azahar da tulu ɗaya. Awaki sun mutu. Ladan ne ya ji labari, ya tattara jakai da bidoji daga Gidan Amumune ya riƙa kai abin da ya samu. Mai garin Cake kuwa ya kai ƙara wurin sojoji. Wani hafsa ya kira Cha'ibu. Cha'ibu ya zaro takardarsa daga cikin hula, ya miƙa da hannu biyu.

Aka buga wa Mai Kifi waya, ya katse konje.

Ya shiga falonsa da jakar tafiya a hannu, Ladan da Maharazu na biye. Mumuni yana tsugune gefen daro. Mai Kifi ya daɗe a gaban akwatin. Sai da ya gama ƙirga abin da ya rasa sannan ya tambayi labarin Cake. Shi ma a rubuta mishi wannan.

Maharazu ya gyara murya. Ya yi magana da Faransanci mai kyau ƙwarai, don Mumuni kada ya ji. Ya ce gardiye ne. Ya ce mutumin ƙauye ne, ya zuba kanwa irin yadda suke ba jakunansu. Ya ce shi da ya ga ɓarnar sai ya yi iya ƙoƙarinsa ya ceci abin da zai cetu, har da ɗaukar nauyin tsayar da mota.

Mumuni bai ji yaren ba, amma ya ji "gardiye" sau biyar. Ya ci gaba da kallon robarsa.

Mai Kifi ya miƙa hannu ya ɗauki kayen da ke kan tebur. Ya karanta bangon. Ya buɗe, ya karanta a bayyane, a hankali:

"Ranar tara ga wata, ƙarfe goma. Na sallami gardiye saboda yana adawa da kimiyya. Ƙarfe goma da rabi. Na zuba farar ƙasa gwangwani uku da kanwa bokiti ɗaya. Wannan dabara tawa ce ni kaɗai, ban ɗauko ta daga kowa ba."

An ja layi biyu a ƙarƙashin "ni kaɗai".

Ladan ya ɗaga kai yana nazarin rufin ɗaki. Mai Kifi ya rufe kayen, ya miƙa wa mai shi. Ya ce, "Rubutunka yana da kyau."

Sunan Ladan aka aika Yamai. Mumuni ya koma bakin aikinsa, dawa ta ci gaba da tafiya Kona. Shi kuwa Maharazu, sojoji sun so su ajiye shi wurinsu na wani lokaci. Ladan ne ya roƙa a bar mishi shi, ya ce yana da aikin da ya dace da mai son awo. Aka tura shi Cake, ya riƙa zura igiya a rijiya safe da yamma yana rubuta zurfinta.

Ranar da ya isa, a bayan motar Cha'ibu aka kai shi, don gaba an sa buhun siminti. Ya sauka da tsakar rana, leɓensa ya tsage. Ba rumfa, ba biro. Mata ne a layi da tuluna, suka juyo gaba ɗaya suna kallonsa. Ba wadda ta gaishe shi. Ya yi awa guda a tsaye kafin ƙishirwa ta fi ƙarfin girman kai.

Ya matsa wurin wata tsohuwa da ake kira Iya. Ya ce, "Iya, a taimaka mini da ruwa."

Ta dube shi daga takalmi har aljihu. Ta ɗebo a ƙoƙo ta ba shi. Ya shanye, ta ƙara mishi.

Ta ce, "Kai ne mai kifin da suka sha ruwanmu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Iya."

"Yaya suke?"

"Sun mutu."

Tsohuwar ta karɓi ƙoƙonta, ta girgiza sauran ɗigon a cikin tulu.

"Allah sarki," in ji ta. "Mu ga mu nan."

Darasi: Takarda tana nuna ka shiga aji, ba ta nuna ka san aikin da wani ya shekara talatin yana yi ba. Wanda ya raina na ƙasa da shi ya toshe bakin da zai gargaɗe shi, wanda kuma ya ɗauki haƙƙin jama'a don ya rufe kuskurensa zai koma roƙo wurin waɗanda ya hana. In ka tarar da abu yana tafiya daidai, tambayi mai riƙe da shi kafin ka gyara. Ku tura wa ƴan uwa da abokai, musamman wanda kuka tabbata zai karanta ya ce ba da shi ake ba.